Me A Ke Sharewa a Daren Ƙarshen Shekara?

Ran 31 ga watan Disamba, misalin ƙarfe 4 na la'asar, sa'ad da 'yan kasuwa a Gummi su ke soma naɗe tabarminsu, mutanen ƙasar Japan sun riga sun shiga sabuwar shekara, gama agogonsu yana gaba da namu da awa 8. Mu kuwa muna da sauran yamma da rabin dare a cikin tsohuwa. Maƙwabtanmu Musulmi tasu shekarar ba ta ƙarewa a wannan dare ko kaɗan. Tana bin wata, tana kasa tamu da wajen kwana 11, har watan Muharram ya kan zo wani lokaci da damina, wani lokaci da hunturu. Manomi kuma, ko Kirista ko Musulmi, in ka same shi a gindin rumbunsa ka tambaye shi, zai ce maka shekara ta ƙare tun ran da ya jefa damin ƙarshe ya rufe bakin rumbu. To, wanne ne daren ƙarshe na gaskiya? In kuwa babu wanda ya fi sauran gaskiya, me mu ke yi a ɗakin sujada har tsakar dare muna duban agogo?

Tambayar tana da nauyi, 'yan'uwa. Kowane fasto ya san ɗakin sujada ya kan cika a wannan dare fiye da Lahadi da yawa. Akwai waɗanda ba a ga fuskarsu ba tun Ista, amma ga su a bencin gaba tun da wuri, domin sun ɗauka wanda ƙarfe 12 ya same shi a ɗakin Allah ya tsira daga masifar shekara mai-zuwa, abin da ya aikata a wadda ta wuce kuma ya bi ta ya tafi. Muna murna da zuwansu. Duk da haka ya kamata mu bincika ko dare ɗaya yana da ikon da a ke ba shi. Za mu bi ta hanya mai-nisa kaɗan, ta ƙasar Japan, gama a cikin al'umman da muka karanta labarinsu da wuya a sami wadda ta ɗauki wannan dare da nauyi kamar su. Masu-bin Almasihu a can ƙalilan ne, wajen mutum 1 cikin 100. Wannan bai hana mu duba abin da su ke yi ba. Ko a kasuwa mutum ya kan auna da mudun maƙwabci domin ya gane ko nasa ya cika.

Suna kiran ranar Omisoka. A lissafinsu na dā kalmar misoka tana nufin kwana na 30, watau ƙarshen wata, Omisoka kuwa babban ƙarshen wata ke nan, na dukan shekara. Shirinta ya kan fara tun da sauran kwanaki. A zamanin dā ran 13 ga watan ƙarshe a ke soma kakkaɓe kunkunniya, gama da itace da gawayi su ke girki da jin ɗumi, rufin ɗakunansu ya kan yi baƙi kamar na madafanmu. Har wa yau su kan yi babbar shara a ƙarshen Disamba, a gida da makaranta da ofis da kanti. A kan fitar da kaya, a goge inda hannu bai kai ba dukan shekara, a zubar da abin da ya lalace. Dalilinsu na asali daga addininsu ya fito: sun ce wani abin bautarsu ya kan ziyarci gidaje da sabuwar shekara, ba ya kuwa shiga gida mai-dauɗa. Wannan dalili ba mu karɓe shi ba, amma sharar kanta ba mu ga aibinta ba.

Da dare iyali su kan zauna su ci wata irin taliya siririya mai-suna soba, wadda a ke yi da garin wani tsiro da ba mu noma shi a nan. Waɗansu sun ce tsawonta roƙon tsawon rai ne. Waɗansu sun ce don tana da saurin tsinkewa ne, wai haka wahalar shekara za ta tsinke ta rabu da mutum. Akwai kuma masu-cewa al'adar ta fito daga maƙeran zinariya, waɗanda su kan kwaɓa garin soba su yi dunƙule, su bi lungunan maƙera da shi suna tsince ƙurar zinariyar da ta watse. Mutumin Anka ko na Bukkuyum ba ya bukatar a gaya masa abin da ƙurar zinariya ta ke iya ɗauke da shi. Za mu komo kan wannan.

Gab da tsakar dare sai a soma buga manyan ƙararrawa a gidajen ibada na addinin Buddha. Ba irin tamu ba ce, wadda sau da yawa guntun ƙarfen mota ne aka rataya a reshen dalbejiya. Tasu ta tagulla ce, da gungumen itace da aka rataya da igiyoyi a ke dukanta daga waje. Ta gidan ibadar Chion-in a birnin Kiyoto, wadda aka ƙera a 1636, nauyinta ya kai wajen tan 70, mutum 17 ne su ke haɗuwa su ja gungumen. A kan buga sau 108, domin a koyarwarsu miyagun sha'awace-sha'awacen da su ke damun zuciyar ɗan adam 108 ne, kowane bugu kuma yana kawar da ɗaya. A wurare da yawa a kan buga 107 kafin ƙarfe 12, a bar na ƙarshe ya faɗa cikin sabuwar shekara. A wuraren bautar Shinto kuma, watau addinin gargajiyar ƙasar, a kan ba mutum 'yar takarda da aka yanka da siffar mutum, ya rubuta sunansa, ya shafa ta a jikinsa, ya hura mata numfashi, sa'an nan a jefa ta a ruwa ko a ƙone ta, wai ta tafi da ƙazantarsa.

Kada mai-karatu ya yi dariya tukuna, ya ce al'adun mutanen nesa ne. Ƙasar Hausa tana da nata. Watan Muharram shi ne a ke kira watan cika-ciki. A kan ajiye wani abu daga naman layya, busasshe, musamman jelar rago, har wata guda, a dafa shi a daren, kowa ya ci ya ƙoshi, gama an ce wanda ya kwana da yunwa a wannan dare da yunwa zai yi shekarar. Tsofaffi suna ba da labarin wowwo, wasan da samari su kan yi da wuta a hannu da dare. A wannan wata ne kuma abokan wasa, irin su taubasai, su kan bi juna suna neman kuɗin shara. Maƙwabtanmu na ƙasar Zuru suna da Uhola, bikinsu na bayan girbi. Ka gani fa, ɗan adam ko'ina yana jin cewa shekara tana barin dauɗa a kansa, yana kuma neman abin da zai kawar da ita kafin ya taka wata. Wannan ji daidai ne. Wurin magani ne a ke ɓata hanya.

Akwai wani sashi na Omisoka wanda masu-ba da labari ba su cika ambatarsa ba, shi ne kuwa ya fi kama hankalinmu. A zamanin da a ke kira Edo, daga 1603 zuwa 1868, mutanen birane ba su cika sayen shinkafa da man fitila da tufafi da kuɗi hannu ba. Mai-kanti ya kan rubuta a littafi, a biya a lokatai sanannu, mafi-girma a cikinsu kuwa shi ne ranar ƙarshen shekara. A wannan rana masu-bin bashi su kan fita da littafi da fitila suna bin gidaje har dare ya raba. Wanda ya biya ya shiga sabuwar shekara da fuska a sake. Wanda ba shi da shi kuwa, ba irin dabarar da ba ya yi: wani ya ɓuya, wani ya sa matarsa ta ce ya yi tafiya, wani ya kwanta ciwon ƙarya, wani ya kai tufafinsa jingina cikin tsananin sanyi, gama in ya samu gari ya waye ya huta, ba a bin bashi a ranakun biki. Wani marubuci na birnin Osaka, Ihara Saikaku, ya fitar da littafi a 1692 mai-labaru 20, dukansu a kan wannan rana ɗaya, tsakanin masu-bin bashi da waɗanda a ke bi. Wanda ya taɓa zaman ƙauye da kaka ba zai ji baƙon abu a nan ba. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Duk wanda ya karɓi buhun taki ko tiyar dawa da damina a kan zai biya in an yi girbi, ya san muryar mai-bashi in ta yi sallama a ƙofar gida cikin watan Disamba, ya kuma san inda dangar bayan gida ta ɓule.

Yanzu mu auna waɗannan abubuwa da juna. Mai-fushi da aka buga masa ƙararrawa sau 108 ya kan farka ran 1 ga Janairu ya tarar da fushinsa yana zaune a bakin gado yana jiransa. 'Yar takarda ta tafi da ruwa, amma wanda aka zalunta yana gidansa, ba wanda ya je ya ce masa kome. Kada mu ce wannan laifin addinin waɗansu ne kaɗai, gama namu guntun ƙarfen da a ke bugawa ƙarfe 12 bai fi tasu tagullar iko ba. Mutumin da ya raira waƙa har muryarsa ta dushe, alhali kuɗin maƙwabcinsa yana aljihunsa, da shi da kuɗin tare suka shiga Janairu. Wanka da gari ba ya maganin yunwa. Amma kuɗin da aka ƙirga aka sa a hannun mai-shinkafa, ya ɗauki alƙalami ya ja layi a kan suna, nan wani abu ya ƙare da gaske. Jiya akwai bashi, yau babu. A cikin dukan abin da a ke yi a wannan dare, a Japan ko a Anka, irin wannan ne kaɗai mu ke iya nunawa da yatsa mu ce, ga abin da ya ƙare tare da shekara.

In akwai mai-shakka cewa dare ba shi da iko na kansa, ya duba abin da ya faru a Japan a 1872. Gwamnati ta ƙudura ta bar lissafin wata ta koma lissafin rana irin na Turai. Aka yi shela cewa kwana na 2 ga watan 12 shi ne ƙarshen shekara, washegari kuma 1 ga Janairu 1873. Watan ƙarshe duka ya zama kwana 2. Masu-tarihi sun ce ɗaya daga cikin dalilan shi ne baitulmali ya yi ƙasa, shekara mai-zuwa kuwa bisa lissafin wata tana da wata 13, da sai a biya ma'aikata albashi sau 13. Ingila ma sai a 1752 ta mai da farkon shekararta ta hukuma 1 ga Janairu. Kafin nan 25 ga Maris ne. Ranar da mai-mulki ya ke iya matsar da ita da alƙalami ba ta wanke zuciyar kowa. Saboda haka 'yan'uwanmu na ƙauyukan da tafiyar dare ta zama hatsari, waɗanda su kan yi sujadarsu da la'asar su watse kafin magariba, kada su damu, ba abin da ya ragu daga nasu.

To, sai mu daina ke nan? Akwai 'yan'uwa masu-hankali da su ke cewa haka. Sun ce dukan ranaku na Allah ne, mai-bi kullum ya kamata ya biya abin da a ke binsa, ya shirya da wanda ya ɓata wa, ba sai ya jira Disamba ba. Maganarsu tana da gaskiya, amma a ganinmu sun manta da wata kalma ɗaya, ita ce gobe. Da wuya ka ji mutum ya ce, ba zan biya ba. Abin da ya ke cewa shi ne, gobe. Ba ya cewa, ba zan nemi gafarar ƙanena ba. Sai ya ce, bari a gama shuka, bari a gama girbi, bari a gama bikin yarinyar nan. Da haka shekara 10 ta kan wuce, a wayi gari ɗayansu yana bakin kabarin ɗayan. Ranar da dukan gari suka yarda da ita ta kan gina wa gobe katanga, ta ce masa, nan ne iyakarka. Ikon ba a cikin ranar ya ke ba, yardar jama'a ce ta ba ta shi, amma ai kuɗin takarda ma haka ya ke, muna kuwa sayen hatsi da shi.

Akwai kuma kunya. Dattijon da ya tashi da tsakar bazara ya nufi gidan wanda ba su yi magana ba shekara 3, dukan unguwa za ta leƙo ta kan danga tana tambaya, me ya faru? Da yawa wannan leƙen ne ya ke hana su, ba taurin zuciya ba. Amma a lokacin da kowa ya ke shiga gidan kowa da irin wannan nufi, ba mai-kula da shi. Muna tsammani nan hikimar kuɗin shara ta ke. Kuɗin ba ya da yawa, da ba'a da dariya a ke neman shi, amma a ƙarƙashin wasan dangin da suka yi nisa da juna su kan haɗu, hannu ya taɓa hannu. Al'ada ta ara wa mai-kunya mayafi ya rufa har ya isa ƙofar da ya daɗe yana so ya shiga.

Waɗanda suka soma wannan sujada ta dare a ekklesiya ma ba agogo su ke bauta wa ba. Masu-bi na Morabiya a garin Herrnhut na ƙasar Jamus sun yi ta a 1733, John Wesley kuma ya ɗauke ta a Ingila wajen 1740, domin mutane su zauna su binciki kansu. A Amurka, daren 31 ga Disamba 1862, baƙaƙen fata, bayi da 'yantattu, suka kwana a zaune suna addu'a. Abin da su ke jira takarda ce, shelar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye, wadda Shugaba Lincoln ya sa wa hannu washegari. Daren ya yi girma saboda aikin da aka ɗaura masa.

Amma fa akwai dauɗar da tsintsiya ba ta ɗauka, mu mutanen wannan yanki kuwa mun koyi haka da tsada. Sa'ad da farashin zinariya ya hau wajen 2009, mutanen ƙauyuka da dama na Anka da Bukkuyum suka shiga haƙa. A kan kawo duwatsun cikin gari, a farfasa, a daka a turmi ko a niƙa a inji irin na niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara su ke rarrafe. Ba wanda ya san dutsen yana cike da dalma. A farkon 2010 yara ƙanana suka soma jijjiga suna suma suna mutuwa. A watan Maris ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da abin, bincike a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta ya nuna gubar dalma ce. An ƙiyasta yaran da suka mutu sun kai 400, waɗanda suka kamu kuwa dubbai ne.

Matan waɗannan gidaje ba ƙazamai ba ne. Kowace safiya suna shara, kamar yadda kowace macen kirki ta ke yi. Amma ƙurar dalma ta riga ta shige cikin ƙasar tsakar gida, tsintsiya kuwa sai ta tashe ta sama, yaro ya shaƙa, saura ta sauka a kan akushi. Maƙeran Japan da dunƙulen gari su ke tsince tasu ƙurar. Tamu sai da fartanya da shebur. Aka bi gida-gida, aka fitar da kayan ɗaki, aka kankare ƙasar sama, aka zuba a buhuna aka kai rami aka binne, sa'an nan aka kawo ƙasa mai-tsabta aka shimfiɗa. An yi haka a ƙauyuka 7 cikin 2010 da 2011. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, ta jira har 2013 kafin kuɗin aikin ya fito. Dukan wannan lokaci likitoci suna tsaye a kan magana ɗaya mai-zafi ga iyaye: ba za a iya soma ba yaran Bagega maganin fitar da dalma daga jini ba sai an kankare gidajen tukuna, gama yaron da ya sha magani ya koma ya kwanta a ƙasa mai-guba, maganin ya tafi a banza.

Waɗansu laifofi haka su ke. A ce wa ya riƙe gonar gado wadda ya san rabon ƙanensa ce. Suna gaisawa, suna cin shinkafar Kirsimeti a kwano ɗaya, a daren ƙarshen shekara su kan yi musafaha su ce Allah ya maimaita mana. Wannan duka shara ce ta sama. Gubar tana cikin ƙasa, 'ya'yansu kuwa su ne su ke rarrafe a kanta, su ne za su gaji gabar da ba su san mafarinta ba. Abin da zai yi magani shi ne a kira dattawa, a je bakin gona, a nuna iyaka, a mayar a gaban shaidu. Ba ya yiwuwa tsakanin ƙarfe 9 da ƙarfe 12 na dare ɗaya, ba ya kuwa yiwuwa ba tare da wani ya yi hasara ba. In mun bar irin wannan mutum ya fita daga sujadar da zuciya a sanyaye, yana jin an wanke shi, mun ba shi magani ne muka mai da shi ɗakin da ba a kankare ba.

Saura magana biyu masu-wuya. Ta fari ita ce ta wanda ba shi da abin biya. Al'adar Edo da muka yaba tana da rashin tausayi a cikinta. Mutumin da ya jinginar da bargonsa da sanyi domin ya rufe littafin mai-kanti, ba za mu ce an yi adalci a gidansa ba. A nan ma akwai manomin da ambaliyar daminar 2024 ta cinye masa gona a Gummi, akwai wanda ya shuka amma 'yan bindiga suka hana shi girbi, akwai wanda ya ke zaman gudun hijira a Anka ba shi da ko tsakar gidan da zai share. In ranar ƙarshe ta zama bulala a hannun mai-rumbu a kan irin waɗannan, gara babu ita. A shari'ar Musa an sa shekara ta 7 ta zama ta yafe bashi, domin an san akwai littafin da ba ya rufuwa sai daga gefen mai-shi. Mai-bin bashi ma yana da tasa sharar. Alƙalamin da ya ke jan layi a kan sunan wanda ya biya, shi ne ya ke iya ja a kan sunan wanda ba zai taɓa iya biya ba, ya kuma aika masa ya sani, domin ya daina sake hanya in ya hango shi a kasuwa.

Ta biyu ta fi wuya. Daga 4 zuwa 6 ga Janairu 2022, shekara ba ta ko cika mako ba, 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyuka a Anka da Bukkuyum. Gwamnatin jiha ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen ƙauyukan suka ce sun kai 200. Me za mu ce wa gwauruwar da aka bar ta da marayu, in ta zauna a gabanmu a daren ƙarshen shekara? Da sauƙi mai-wa'azi ya ɗaga murya ya ce, duk abin da aka yi muku ku bar shi a tsohuwar shekara. Ba ma son wannan magana. Ba wanda ya ke da ikon yafe bashin da ba nasa ba. Gafara koyarwar Ubangijinmu ce, ba mu rage kome daga cikinta ba, muna kuma addu'a Allah ya kai wannan mata gare ta. Amma kwanan wata an yi shi ne domin ya matsa wa wanda ya ci hakki, ya tashi ya mayar. In muka juya shi muka matsa wa wadda aka cuta ta yi murmushi kafin ƙarfe 12, mun ƙara mata kaya ne, wanda ya cuce ta kuwa bai ji kome ba. Ko sulhun da gwamnati ta yi da 'yan bindiga a 2019, an saki waɗansu da aka kama, an miƙa waɗansu makamai, amma bai daɗe ba. A ganinmu domin an tsaya ne a ƙasar sama. Abin da ekklesiya za ta iya yi wa wannan mata a Disamba shi ne ta san yawan hatsin da ya rage mata da kuɗin makarantar yaranta, ta bar ta ta yi kuka a sujadar in kuka ya zo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mutanen Japan na dā tun ran 13 su ke soma kakkaɓa, mu ma ba laifi dattawan ekklesiya su yi sanarwa tun Lahadin fari na Disamba, domin mai-bashi ya sami lokacin sayar da abin da zai sayar, masu-gaba kuma su sami lokacin neman wanda zai shiga tsakani. Ekklesiya kuwa ta fara da kanta. A littafin ma'aji na wurare da yawa akwai sunan mai-bishara na ƙauye wanda bai karɓi kuɗinsa ba tun da kaka ta kama, da na maginin da ya ɗaga bangon ɗakin sujada, da na kafintan da ya ƙera bencin da za mu zauna a kai a wannan dare, wataƙila ma Musulmi ne, yana kuwa lura da yadda masu-bi su ke riƙe alkawari. Waɗannan a kira su a biya su tukuna, kafin a fitar da kuɗin lemo da shinkafar Kirsimeti.